Damuwa: halin rai ce ko ciwo?

Maman Nabila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masana harshe da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Kalmar nan "damuwa", anya ba mu ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta ba? Ka taka mutum ka ba shi haƙuri, ya ce ba damuwa. Yaro ya yi dare bai dawo ba, a ce uwarsa ta shiga damuwa. A labarai kullum sai ka ji wata ƙungiya ta nuna damuwa a kan kaza. Saurayi ya ce wa budurwa ya damu da ita, nan kuma so ake nufi. Sannan da wannan kalmar dai ake kiran ciwon da ke kwantar da mutum wata da watanni, ya bar ci, ya bar barci, har wani ya kai ga tunanin kashe kansa. A ganina shi ya sa ba a ɗaukar ciwon da muhimmanci. In ka ce wa mutum "ina da ciwon damuwa", abin da kunnensa ke ji shi ne "ina da damuwa", sai ya ce to wa ya rasa ta? Akwai wata kalmar da ta fi dacewa?

Sadauki:
Wa alaikumus salam. Ni dai Hajiya ban ga laifin kalmar ba. Ai kusan duk kalmomin rashin lafiya haka suke a Hausa, suna taɓa jiki suna taɓa zuciya. Ɗauki "ciwo". Akwai ciwon kai na shan magani, akwai kuma "yaron nan bai san ciwon kansa ba", wanda ba ruwansa da asibiti. A gaya maka magana ka ce ta yi maka ciwo. "Cuta" ma haka, wadda sauro ke kawowa cuta ce, wadda abokin ciniki ya yi maka ita ma cuta ce. In aka ce wane ba ya jin daɗi, kowa ya san yana kwance ne. In aka ce bai ji daɗi ba, ɓata masa rai aka yi. Duk da haka ba mu taɓa rikicewa ba. Me zai sa sai a kan damuwa za mu rikice?

Maman Nabila:
Saboda sauran ana ganinsu, Malam. Mai zazzaɓi kana taɓa goshinsa za ka ji zafi, mai karaya ga ɗauri nan. Wannan kuwa ba shi da shaida sai bakin mai shi, kuma kalmar da ke bakin nasa ita ce wadda ake faɗa safe da yamma a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ɗalibin Harshe:
Bari in shigo ta ɓangaren ginin kalmar. Tushenta shi ne "dama", wato juya abu a cikin ruwa har ya haɗe. Daga nan aka sami "ya dame ni", sai "na damu", sai sunan aikin, damuwa. Irin ginin da ke cikin dafa, dafu, dafuwa, ko gyara, gyaru, gyaruwa. Aikatau masu ƙarewa da wasalin "u" irin waɗannan suna nuna abin da ya auka wa wani, kuma ya kai inda ya kai. Abin da ya damu shi ne wanda aka juya har ba sauran abin da ya kwanta a ƙasa. Hankalin da ya damu ma haka yake, an juya shi ya rasa inda zai tsaya. Ke nan a asali kalmar tana da nauyi, yawan amfani ne ya rage mata kaifi.

Amma ga inda nake goyon bayan Maman Nabila. Kalmar motsi take nunawa, tunani yana kai yana komowa, zuciya tana saƙawa tana kwancewa. Wannan ya fi kusa da zulumi da fargaba. Ciwon da take magana a kai, yadda masu shi ke bayyana shi, ya fi kama da mutuwar jiki da mutuwar sha'awa. Ina ganin sunan ya dace da rabin abin, ya bar rabi.

Kawu Bala:
Sannunku yarana. Mu da muke tasowa ban tuna ana cewa "ciwon damuwa" ba, a rediyo na fara jin sa. Abin dai yana nan tun da can, sunansa ne daban. A ce abin duniya ya ishi wane. A ce baƙin ciki ya kwantar da ita. A ce tun da matarsa ta rasu bai sake zama daidai ba. In abin ya kai ƙarshe a ce ya haɗiyi zuciya ya mutu. Kuma muna da kalmomi da yawa da kuka bari suna neman ɓacewa: alhini, jimami, juyayi, takaici, ƙunci, ɓacin rai, kewa. Kowacce da gurbinta. Jimami na mutuwa ne da rashi, takaici na abin da aka yi maka ka kasa ramawa ne, kewa ta wanda ya yi nisa ce. Yanzu duk kun tattara kun zuba a cikin damuwa. In ana neman suna, me ya hana a ce ciwon baƙin ciki?

'Yar Auta:
Kawu ku gafarce ni, amma wannan ba zai yiwu ba. Yau in kuka ce wance tana da ciwon baƙin ciki, abin da za a fahimta shi ne mai hassada ce. "Yana yi mini baƙin ciki", "ɗan baƙin ciki", ai wannan ma'anar ta riga ta cinye waccan a bakin mutane. Mara lafiya zai je neman taimako ya dawo da zagi.

Kawu Bala:
Wannan gaskiya ne, 'yata.

Ɗalibin Harshe:
Tun da Kawu ya kawo baƙin ciki, akwai abin da ke ba ni sha'awa. Tsoffin likitocin Girka sun kira wannan ciwon melankoliya, ma'anarsa baƙin ruwan matsarmama. A iliminsu jiki yana tafiya ne a kan ruwa huɗu: jini, majina, ruwan matsarmama rawaya da kuma baƙi, in baƙin ya rinjaya sai mutum ya shiga ƙunci. A rubuce-rubucen da ake jingina wa Hifokiratis, wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an ce tsoro da ƙunci in suka daɗe wa mutum to wannan ciwon ne. Likitocin Larabawa suka karɓa suka kira ruwan "sauda", wato baƙa. Ilimin likitanci ya daɗe da watsar da maganar ruwa huɗun, amma ku duba, su ma baƙi suka gani, kuma a cikin ciki suka ajiye shi, inda Bahaushe ya ajiye nasa. Ba ina cewa wani ya ara daga wani ba ne. Abin lura dai, mutanen da ba su raba ƙuncin rai da jiki ba.

Anti Nas:
Na daɗe ina karanta ku, bari in faɗi abin da muke gani a wurin aiki. Marasa lafiya ba sa zuwa da ko ɗaya daga cikin kalmomin nan. Da wuya wani ya zauna ya ce yana da damuwa, balle baƙin ciki. Abin da za ka ji shi ne "jikina ya mutu", "ƙirjina ya yi nauyi", "kaina kamar an ɗora dutse", "ba na samun barci", "zuciyata tana bugawa", "jikin ne dai ba daɗi". A auna jini, a auna sukari, a duba zazzaɓin cizon sauro, duk lafiya lau. A ba shi maganin ciwon jiki ya tafi, bayan ɗan lokaci ya dawo da kukan nan dai. Sai an zauna an tambaye shi a natse sannan maganar ke fitowa. Kuma ba ƙarya yake yi ba, jikin da gaske yana ciwo.

Abin da Ɗalibin Harshe ya hango ma haka yake. Akwai larurori biyu da muke kira da suna ɗaya. Ɗaya ta yawan fargaba ce, mutum kullum yana jiran wani mugun abu ya faru, jikinsa na rawa, gumi na karyo masa. Ɗayar ita ce ta ƙuncin da ba ya yayewa da mutuwar sha'awa. Sau da yawa suna haɗuwa a kan mutum ɗaya, amma kowacce da alamominta. Da Hausa duk "ciwon damuwa" muke cewa, wani lokaci mu ƙara "matsananciya" don a gane ta biyun ake nufi.

Abban Khalifa:
Ni fa ku yi mini uzuri, duk wannan maganar ina ganin rashin tawakkali ne aka yi wa suna mai daɗi. Mutumin da ya yarda da ƙaddara, yana salla, yana azkar, ta ina damuwa za ta kwantar da shi? Iyayenmu sun ga yunwa sun ga rashi, ba su je asibiti sun ce a ba su ƙwayar farin ciki ba.

Abu Ammar:
Ɗan'uwa Abban Khalifa, a yi hattara da wannan hukuncin, don yana da nauyi. Annabi Yaƙub (AS) Annabi ne ɗan Annabi, shi ne ya ce haƙuri mai kyau, amma Alƙur'ani a Suratu Yusuf, aya ta 84, ya ba mu labari cewa idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Baƙin ciki ne ya taɓa jiki har ya tafi da gani. Wa zai ce masa ba shi da tawakkali? Shekarar da Nana Khadija (RA) da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta goma da aiko Manzon Allah (SAW), malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta.

Sannan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka ce babu abin da zai sami Musulmi face an kankare masa zunubi da shi har ƙayar da ta soke shi, an jero gajiya da ciwo da "hammu" da "hazanu" a layi ɗaya. A cikin jarrabawa aka lissafa su tare da rashin lafiya, ba a cikin laifuka ba. Kuma ku lura Larabci ya raba abin da muka haɗe. Malamai sun yi bayani cewa hammu na abin da ake tsoron zuwansa ne, hazanu na abin da ya riga ya wuce. A addu'ar neman tsari da Annabi (SAW) yake yawan yi duka biyun ya ambata. Mu in za mu fassara sai mu ce damuwa da baƙin ciki, wani ma ya ce damuwa kawai.

Akwai malami Abu Zaid al-Balkhi, ɗalibin al-Kindi, ya rasu a shekarar 934 miladiyya. A littafinsa kan gyaran jiki da rai ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba tare da sanannen dalili ba ya hana shi walwala da jin daɗin komai. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana bukatar magani irin na jiki. Fiye da shekara dubu ke nan, kuma malamin Musulunci ne ya rubuta. Addu'a tana nan, neman magani ma umarni ne.

Abban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, na ji hujjojinku kuma ba na ja da su. Amma har yanzu ina ganin yaran yanzu sun mai da abin ado. Yarinya a hana ta waya ta ce ta shiga ciwon damuwa.

Maman Nabila:
To ai ka dawo kan maganata, Abban Khalifa. Da a ce ciwon yana da sunansa shi kaɗai, da mai fushin waya ba ta ara ba, da mai ciwon gaske bai sha kunyar faɗa ba.

Bawan Allah:
Ban cika magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni, don ni na yi ciwon. Ina da aiki, iyalina lafiya, ba bashi a kaina. Duk wanda na gaya wa sai ya ce to me ke damunka? Wannan tambayar ita ta fi ba ni wahala, saboda ba ni da amsa. Ba abin da ke damuna. Na dai wayi gari komai ya fita daga raina. 'Ya'yana su zo da wasa in ji kamar a bayan gilashi nake kallonsu. Wanka ya zama aiki. Tsakar dare ido ya bushe, in yi ta lissafa laifukan da na yi da waɗanda ban yi ba. Salla ina yi, amma ko ita daɗinta ya tafi, sai na ƙara tsorata na ce ko imanina ne ya tafi. Masu ce mini in ƙara tawakkali da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai kowace nasiha ƙara mini tabbaci take yi cewa ni ne mai laifi.

Duk da haka Hajiya, zan kare kalmar ta wata fuska. Ranar da ƙanena ya ce mu je a duba ni, da ya ce mini taɓin hankali ko ciwon ƙwaƙwalwa, wallahi ba inda zan je. Da ya ce "Yaya, wannan damuwar ta yi yawa, mu je mu ga likita", sai na ji abu ne da mutum zai iya amsawa bai zubar da mutuncinsa ba. Sauƙin nan da kike kuka da shi, shi ya fitar da ni daga ɗaki. Na sha magani, na yi zaman tattaunawa da likita, alhamdu lillahi yau ina cikin mutane.

Maman Nabila:
Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Maganarka ta shige ni, kuma na gode da ka buɗe cikinka. Amma ka duba, kai ka yi sa'ar ƙane mai lura. Wanda bai samu ba fa? Sauƙin da ya fitar da kai shi ne yake zaunar da wasu a gida shekara da shekaru ana ce musu a yi haƙuri, kowa da tasa.

'Yar Auta:
Yayata bayan haihuwarta ta fari haka ta koma. Ga jariri lafiyayye, ga miji na kula da ita, ita kuwa sai kuka, ba ta son ɗaukar yaron, ta zuba tagumi ta wuni. Wasu suka ce shagwaɓa ce, wasu suka ce iska ce. Ba wanda ya kawo kalmar ciwo a bakinsa, saboda a tunaninsu mace da ta sami ɗa me zai dame ta? Anti Nas, don Allah ta yaya mutum zai gane inda damuwar yau da kullum ta tsaya, ciwo ya fara?

Anti Nas:
Ƙanwata, abu uku muke dubawa: daɗewa, nauyi, da abin da ya hana mutum yi. In ƙunci ko fitar sha'awa daga abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu ya riƙe shi mafi yawan wuni, kusan kullum, har mako 2 ko fiye, to an wuce ɓacin rai na yau da gobe. Sai a duba sauran alamomi: barci ya lalace ko ya yi yawa, ci ya ragu ko ya ƙaru, kasala, rashin tattara hankali, ganin kai ba a bakin komai ba, yanke ƙauna, tunanin mutuwa. Damuwar yau da kullum tana da dalili, in dalilin ya kau ta kau, kuma ko a cikinta labari mai daɗi yana sa mutum murmushi. Ciwon kuwa ko an yi wa mai shi albishir ba ya motsa shi.

Game da masu jego, da yawa suna samun saurin kuka da ƙunci a kwanakin farko bayan haihuwa, wannan yakan wuce da kansa cikin kamar mako 2. In ya zarce haka, ko uwa ta fara gudun jaririnta, a kai ta asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu da masu jego suna samun ciwon. A alƙaluman da ta fitar a 2023 ta ce mutum kusan miliyan 280 ke fama da shi a duniya, wajen kashi 5 cikin 100 na manya, kuma mata sun fi maza. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, fiye da kashi 75 cikin 100 ba sa samun magani. Abban Khalifa, wannan adadin ya wuce a ce ado ne.

Dalilin da ya sa nake nacewa a je asibiti shi ne akwai larurorin jiki da ke zuwa da irin wannan kamar. Ƙarancin jini yana kawo kasala da mutuwar jiki. Ƙwayar nan ta gaban wuya, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, in aikinta ya yi rauni takan jefa mutum cikin ƙunci da nauyin jiki. Gwajin jini ke bambancewa.

Kawu, haɗiyar zuciyar da kuka ambata ma likitoci sun san wani abu mai kama da ita. A Japan aka fara bayyana shi a 1990: mummunan labari ko tashin hankali mai tsanani ya sa tsokar zuciya ta yi rauni farat ɗaya, da ciwon ƙirji kamar na bugun zuciya. Ya fi samun mata masu shekaru, yawanci ana warkewa, amma yana iya kisa.

Kawu Bala:
Ikon Allah. To 'yata, maza fa? Don mu ba a san mu da zama a yi kuka ba.

Anti Nas:
Shi ya sa naku ya fi ɓuya, Kawu. Namiji sau da yawa da faɗa yake fito da nasa, saurin fushi, ƙin zama a gida, ko ya faɗa shaye-shaye. A gida a ce ya canza hali. Tsofaffi kuma a ce tsufa ne ko rikicewa. Ga shi a duniya maza sun fi mata mutuwa ta hanyar kashe kai, duk da cewa mata sun fi kamuwa da ciwon.

Sadauki:
Ni har yanzu ina kan bakana cewa ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma ba. Hawan jini da ciwon sukari ma da kalmomin gida aka gina su, yau ba wanda ke raina su, saboda an yi ta bayani har suka zauna. Kalmar da aka ƙera a ofis in ba ta shiga bakin mutane ba, a takarda za ta tsaya. A riƙe "ciwo" a gabanta kullum, kada a yar da shi, shi ne zai raba ta da "ba damuwa".

Ɗalibin Harshe:
In an bar ni in zaɓa, zan bar "ciwon damuwa" ga mai fargaba, in ce "ciwon ƙunci" ga ɗayan. Ƙunci matsi ne, ba ya ɗauke da hassada, kuma ba a faɗarsa a kan ƙaramin abu. Ba wanda za ka taka ya ce maka ba ƙunci.

Bawan Allah:
Ƙunci ya fi kusa da abin da na ji, gaskiya. Anti, akwai wanda na sani yana cikin halin da na fita, ina tsoron in tambaye shi ko yana tunanin cutar da kansa, kada in zama ni na sa masa abin a rai.

Anti Nas:
Ka tambaye shi kai tsaye, ɗan'uwa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an ba shi damar faɗa. Kada ka fara da "me ke damunka", ka san da kanka inda take kai mutum. Tambaye shi barcinsa, cin abincinsa, da tun yaushe ya daina jin daɗin abubuwa. In ya ce yana tunanin mutuwa kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da guba da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar. In an ɗora shi a kan magani ka gaya masa yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma ko ya ji sauƙi kada ya yanke shi da kansa sai likita ya ce.